Daren Sauya Makullai

Saƙon ya iso ana kiran la'asar:
akwai tsaga a bangon da muka jingina,
shekara biyu, ba wanda ya lura.

Mutari ya ture shayinsa.
Na'ura goma sha ɗaya a asusun ƴan Kasuwar Dole,
cikinsu kuɗin Habsu mai tattasai
da adashen dukawan Birni.

Ɗaya bayan ɗaya yake musu faci,
kamar mai yaɓe da ya hango hadari.
A kan ta bakwai aka ɗauke wuta.
Ya ja igiyar inji har sau tara,
ya dawo da baƙin mai a hannu.

Faci kaɗai bai isa ba.
Wa ya san ƙadangaren da ya riga ya shiga,
ya kwafi makulli, ya sulale?
Sai ya kashe tsofaffin duka,
ya ƙera sababbi, dogaye,
haruffan da ko shi ba zai haddace ba.

Da hantsi Habsu ta zo ajiye jikka biyu,
ta dubi jajayen idanunsa:
"Kai kuwa, a gidan biki ka kwana?"