Ciki Ake Aunawa

Da asuba na taka ruwa a falo.
Tun ban kunna fitila ba na san mai laifi:
tsohon tiyon da ke bayan tankin kifi,
shekara huɗu yana kai ruwa yana komowa,
ya bushe, ya yi tauri kamar ƙirgi,
ya tsage daidai wuyan matata.

Kifayen Zuwaira bakwai ne.
Ta bar mini su ranar da ta tafi karatu Zariya,
ta ce, Baba, ka lura da Mai Gemu, ba ya son hayaniya.
Ga Mai Gemu can ƙasan gilashi
yana buɗe baki yana rufewa
kamar mai ƙara da ya rasa ƙofar alƙali.

Na yanko guntun tsohon, tsawon ɗan yatsa,
na jefa aljihu tare da goro.
Adaidaita daga Gyaɗi-Gyaɗi sai Ƙofar Ruwa.

Barau mai kayan famfo ya warware mini kore,
irin na ban ruwan lambu,
ya ce wannan har jika sai ya gada.
Na kai hanci.
Warin sabuwar taya ya hau mini ka.
Abin da hanci ya ƙi a bakin shago
shi kifi zai sha dare da rana,
kuma ba shi da tagar da zai buɗe.

Maƙwabcinsa ya miƙo baƙi, na fetur.
Na ce ba Vespa nake kiwo ba.
Wani yaro ya kawo fari, sirit, mai araha,
na lanƙwasa shi kaɗan, ya durƙusa,
ya shaƙe kansa da kansa.
Irin wannan, kana barci yake tsayar da ruwa,
injin ya yi ta kuka har ya ƙone.

A titin gidan zu akwai na cikin kwali,
mai hoton kifi da rubutun Jamusawa.
Da na ji kuɗin sai da na nemi kujera.
Fansho ba ya iyo a wannan zurfin.

La'asar ta same ni a Sabon Gari,
layin masu kayan injin fiya-wata.
Madam Nkiru ta karɓi guntuna,
ba ta ko dubi bayansa ba,
ta leƙa raminsa, ta sa ma'auni.
Milimita sha shida.
Ciki ake aunawa, Baba, in ji ta,
waje kowa da irin kaurinsa.

Ta jawo wani daga kan ƙusa,
garai-garai, mai nama a jiki.
Wannan na ruwan sha ne,
abin da ya ratsa shi, yaranku ke sha a makaranta.
Na sansana, ba komai.
Na naɗe shi a hannu, bai karye ba.
Ta ce haske zai haifa masa gansakuka,
ka kawar da shi daga taga, ka riƙa wankewa.
Na taya, ta ce albarka.
Na juya, ta kira ni.
Yadi uku, da zoben ɗauri biyu gyara.

A gida na tsoma bakinsa a ruwan zafi
har ya yi laushi, ya shige ba gardama.
Na ɗaure. Na zauna jiran wuta.

Ƙarfe tara suka kawo.
Na ga ruwa yana hawa a cikinsa,
kumfa ɗaya a gaba kamar ɗan jagora.
Mai Gemu ya motsa, ya zaga dutsensa sau biyu.

Zuwaira ta bugo waya, ta ce ya mutanena?
Na ce lafiya lau suke, suna gaishe ki.
Ban faɗa mata komai ba.
Amma na tura roba ƙarƙashin mahaɗar,
kuma sau uku na tashi cikin dare
ina shafa ta da bayan hannu.