Daren Awo a Naryn

Na baje kaya a kan dardumar kakata,
sikelin fulawarta a tsakiya, ya zama alƙali.
Tanti ya hau, ya sauka. Famfo ya hau.
Tub biyu, faci, man sarƙa, robar birki huɗu,
tocilar goshi da batirinta.
Buroshin haƙori na datse masa wutsiya,
na ci ribar giram tara.

Taswira ta ce daga kanti na ƙarshe
kwana biyu da wuni babu mai sayar da ko ashana,
sai kogin da ƙanƙara ta haifa,
sai tudun da keke ke hawan mai shi.
Dokar tseren kuwa ɗaya ce:
in an tashi, ba mai miƙo maka hannu.

Kaka Burulsun ta ji, ba ta ce uffan ba.

Da asuba na ɗaga jakar gaba,
na ji ta ƙara nauyi.
Busasshen cuku, dunƙule ashirin,
cikin safar marigayi kakana.
Rabin kilo cif.

Na daɗe a tsaye.
Sai na zaro rigar sanyi ta biyu,
na rataye mata a ƙusa.