Shuɗin Da Ba Na Karofi Ba

Na ɗauka hannuna ne.
Ni marini ne, Ƙofar Mata ta san ni,
abin da na taɓa duk sai ya ɗauki shuɗi:
butar alwala, kuɗin cefane, kumatun Bahijja.
Da na ga tabo huɗu a cinyarta
dariya na yi, na ce wa uwarta ta sa sabulu.

Ta sa. Ta haɗa da soso.
Bai fita ba.
Kwana biyu ya haihu a gadon bayanta,
ga ɗige-ɗigen ja kamar an barbaɗa yaji,
ga jinin dasashi a jikin burodin da ta gatsa.

Tun ranar suna unguwa ke taunar ta.
Idanun nan, harshen nan, wuyan da ya ƙi tsayawa,
wai 'yar ruwa ce, a mayar wa Challawa kayanta.
Shekara uku ina toshe kunne
ina juya rini.

A Asibitin Malam likita ta ja kujera kusa.
Ta ce masu galahanga, ɓargonsu kan yi tuntuɓe,
ya riƙa ƙera jinin da bai nuna ba.
Sankarar jini.
Na kalli silin.
Ta ce: amma irin su sukan ji magani,
kada ka naɗe tabarma tun yanzu.

Leda uku ake nema kafin Laraba.
Ban roƙi kowa ba, wallahi.
Sai ga Sagiru, ga Ɗanlami mai bugu,
ga tsoho Mati da aka ce shekarunsa sun wuce,
ya zauna a benci yana fushi.
Nas tana laluben jijiya cikin hannuwa masu shuɗi,
tana cewa yau ta ga ikon Allah.
Abin da ya fito ja ne, jawur.

Yanzu gashinta ya zube, filo ya kwashe.
Tana tafa wa ledar da ke ɗiga,
tana miƙa wa yaron gadon kusa rabin lemonta.
Kalma ɗaya tak ta iya.
Takan kama ɗan yatsana, ta juya shi, ta ce: baba.

Ban sani ba ko ni take kira
ko launin da ya ƙi barin farcena.
Ina dai amsawa.