Mai Tatsar Iska

A gindin Kufena aka yanke mini cibiya,
inda iska ke gangarowa daga kan dutse,
ta ratsa rimaye, ta watsa audugarsu,
ta wuce Wusasa ba ta yi wa kowa sallama ba.
Kakannina sun san ta da sheƙar dawa,
da yaye jinka, da kashe aci-balbal.
Ba wanda ya taɓa tambayarta ko tana neman aiki
sai Tanimu, mai facin keke a bakin hanya.

Shi ne ya je Sabon Gari wata Laraba,
ya dawo da dainamon matacciyar akori-kura
ɗaure a kariya, da tsohon duron kananzir.
Kwana tara muna jin kurfi da guduma.
Ya tsaga duron gida uku, ya lanƙwasa,
ya haɗa da wilin keken da mai shi bai dawo ba,
ya ɗora kan doguwar azara, ya tamke da waya.

Mutane suka ce iska ta taɓa shi.
Ya ce, "Ni ne dai zan taɓa ta."
Baba Jatau, yana wucewa da damin kara,
ya ce, "Ni take wahalarwa tun ina yaro,
in ka kama ta, ka rama mini."
Lantana, matar gidan, ba ta ce uffan ba,
ta dai tura tukunyar ƙarfenta ƙarƙashin gado
don ta ga irin kallon da yake wa murfin.

Ni ne yaron riƙe tsani.
Ladana soyayyar gyaɗa da ranƙwashi biyu.

Kwana huɗu iska ta yi yaji.
Ko ganyen darbejiya bai motsa ba.
Farfela ta tsaya kamar mai jiran biyan bashi,
shirwa ta sauka a kanta ta yi kashi,
'yan bakin tireda suka sami abin hira.

Daren na biyar, bayan lisha,
gabas ta haɗe, ƙamshin ƙasa ya riga ruwa isowa.
Muka ji ƙiiƙ, muka sake jin ƙiiƙ, sai gurnani.
Sarƙa ta kama, wili ya ɗauka,
ƙwan da ke reto a zauren Tanimu
ya yi ja kamar garwashin da aka hura,
ya koma ruwan ɗorawa, ya yi fari fat.
Na ƙirga tsagar fuskar Baba Jatau ɗaya bayan ɗaya,
na ga yanar gizo a kusurwar da ban san da ita ba.
Tanimu ya cire hula, ya share ido,
ya ce hayaƙi ne,
alhali wannan fitila ba ta da hayaƙi.

Daga nan maɗinka suka tare a zaurensa
da allura da zare, da aska takwas rabin aiki.
In iska ta taso, hannu ya yi sauri,
in ta lafa, a soke allura a hula, a ɗauko labari.
Sau biyu hadarin marka ya kayar da farfelar,
sau biyu muka tashe ta, kuma a na biyun
murfin Lantana ya hau sama ya zama wutsiya.

Shekara bakwai, sai ga turakun gwamnati
da wayoyinsu masu kuɗin wata.
Kowa ya ja tasa, awaki suka gaji zaure.
Tanimu ya rasu ana yabanya,
'yan gwangwan suka ɗora farfelar a sikeli.

Azarar tana nan, igiyar shanya ce a jikinta.
Jiya an ɗauke wuta tun la'asar,
har na gaji da fifita da kwali a duhu,
sai ga ta, ta gangaro daga Kufena,
ta shafi azarar, ta kaɗa zanen da aka manta,
ta ɗan dakata kamar mai cigiya,
ta wuce.