Akuyar Inna Tasalla

Ranar Laraba ce, muna sheƙar riɗi a rumfar Alhaji Mamuda,
ƙaiƙayi har cikin kunne,
sai ga 'yar Barira a guje, ko takalmi babu:
"Muntari ya faɗo daga kan turmi."

Ɗari biyu nake ba Inna Tasalla kullum,
da ƙullin garin kunu in an samu.
Yara goma sha ɗaya a tsakar gida ɗaya,
idanu biyu ke tsaron su,
ɗayan ma yana ta fara cin sa.

Na tarar ta rungume shi a gindin darbejiya,
hannunsa ya lanƙwashe inda Allah bai sa gaɓa ba.
Ba ta ce min sannu ba.
Ni ma ban ce komai ba.

Maɗorin Gujungu ya taɓa, ya janye hannu,
ya ce wannan ta fi ƙarfin kara da tsumma, ku wuce Ringim.
Mai babur ya karɓi nasa. Kati. Hoto. Allura.
Farin simintin da suka naɗe hannun da shi.
Wani saurayi a bayan taga ya haɗa da biro,
ya turo takarda:
dubu arba'in da bakwai da ɗari biyar.
Sau uku na karanta, ba ta ragu ba.
Alhaji Mamuda ya ranta min, ya ce a cire a hankali,
hankalin da zai kai ni wata kaka.

Baban Muntari ya kira daga Fatakwal:
"Wadda ta karɓi kuɗin raino ita za ta biya,
ai ba kyauta take yi ba."
Katinsa ya ƙare
kafin ya tambaya na dama ne ko na hagu.

Uwar mijina ta ce ƙaddara ba ta da mai biya,
ta faɗa tana ƙara ɗaure bakin zaninta.
Mai unguwa ya ce a raba biyu kamar goro,
ya shafa fatiha, ya nemi takalminsa.

Amma akwai abin da ban faɗa ba.
Turmin nan, ni na daka barkono a ciki da asuba,
ina sauri kar a riga ni buhu,
na bar shi tsaye a jikin katanga.
Kullum tana cewa, "Ku kwantar min da turmi."
Ta gan ni. Ta sani.
A gaban mai unguwa
tabarma kawai take kallo.

Asabar da dare na ji sallama.
Ita ce, da igiya a hannu,
jar akuyarta a ƙarshen igiyar, ciki ya tsufa.
"Gobe kasuwar Gujungu, kar ki sallama da arha."
Ta ɗaure ta a turkenmu da kanta.
"Daga Litinin kowacce ta riƙe ɗanta.
Idona ya gaji."

Akuya ta kwana kuka, na kwana lissafi.
Nononta Muntari ya sha lokacin yaye.
Barira da tagwayenta, ina za ta kai su?
Hansai da ba ta da kowa a garin nan?
Uwaye goma, rumfa ɗaya,
riɗi kuwa ba ya jiran mai goyo.

Yaron yana barci,
simintin duk zanen gawayi,
abokansa sun yi masa mota, sun yi masa kaza.

Da asuba na kwance igiyar.
A bakin rijiya hanya ta rabu:
ga ta kasuwa, motoci har sun fara lodi,
ga lungun da darbejiya ke leƙowa.
Akuya ta ja, na bi.
Ita ta san hanyar gida.
Ni ce har yanzu ban san
da wace kalma zan fara ba.