Bakwai Suka Rage

Ƙarfe biyun dare a Yelwa,
firjin sola na gurnani a lungu
kamar tsohon da ya ƙoshi da tuwo.
Na buɗe, na ƙirga, bakwai suka rage.
'Yan kwalabe ne, ko ƙaramin yatsana ba su kai ba,
ruwa garai, ba launi, ba ƙamshi.
Oksitosin, in ji takardar jikinsu.
Zafi ne ajalinsa,
shi ya sa nake gadin sanyinsa
fiye da yadda nake gadin albashina.

Daga tsibiri aka kawo Tumba.
Yaron bai jira gaɓa ba,
a tsakiyar ruwa ya sauka, cikin kwalekwale,
Nomau na tuƙi da hannu ɗaya,
ɗayan na riƙe da tocila a baka da addu'a.
Zane uku sun jiƙe kafin su iso ƙofata.
Wannan ya wuce ɗigo, ya wuce yayyafi,
Kwara ce ta ɓalle a tsakar damina.
Na dafa mararta, laushi tiɓis,
mahaifa ta sauke kaya ta yi barci,
ta bar ƙofofin jini a buɗe.

Na karya wuyan kwalba, na zuƙa, na soka a cinya.
Na murza mara, ina ƙirga numfashinta.
Agogon bango ya zama maƙiyina.
Can, a ƙarƙashin tafina,
sai na ji ta farka,
ta dunƙule tamau kamar goruba.
Ambaliya ta koma ƙorama,
ƙorama ta koma zare.
Tumba ta buɗe ido ta ce, mace ce ko namiji?

Malama Ige, a makarantarmu ta Birnin Kebbi,
takan ce na kwalba kwaikwayo ne.
Na asali a gindin ƙwaƙwalwa ake dafa shi,
a adana a wani kumburi da bai fi ƙwayar wake ba.
Shi ke ƙwanƙwasa ƙofar naƙuda,
shi ke ce wa nono, sauko.
Takan ɗaga yatsa kuma:
wanda ya yi gaggawar soka shi tun ɗa na ciki,
ba awo, ba sa ido,
yana iya yaga buhun da ya zo kwancewa.

Matar rugar bayan garinmu ba ta san sunansa ba,
amma ba ta taɓa kai ƙwarya gindin saniya
sai maraƙi ya fara tunkuɗar hantsa.

Na karanta wai masu bincike na fesa shi a hanci,
ko zai kwantar da fargaba,
ko zai taimaki yaron da ba ya haɗa ido da uwarsa.
Wasu sun ce da alama, wasu sun ce da saura.
Har sinadarin so suke kiransa.
Jabbi maigadi da ya ji haka
ya ce in sammasa rabin kwalba
saboda wata mai sayar da soyayyen kifi a tasha.
Na ce masa, je ka gyara halinka,
so ba ya shiga sirinji.

Na ɗora yaron a ƙirjin Tumba, fata da fata.
Ya lalubi hanya, ya ɓata, ya tsala kuka.
Sai na ji tsam a nawa ƙirjin,
farar rigata ta jiƙe wuri biyu.
Tawa 'yar wata huɗu na can Tudun Wada a bayan kakarta,
jikina bai tambayi ɗan wane ne ke kuka ba.

An kira assalatu.
Nomau na barci a zaune, filafili a cinyarsa.
Na jawo rajista, na rubuta:
uwa lafiya, ɗa lafiya.
Na koma firji na sake ƙirgawa.
Shida.
Motar magani sai Laraba.