Mai Faci a Ƙofar Doka

Wata bakwai harshena yana kwance a baki
kamar tsumman da aka manta a gindin randa.
Ba zazzaɓi, ba ciwon kai,
ba inda zan nuna wa mutum in ce ga shi nan.
Sai dai in ladan ya kira assalatu
in ji an ɗora mini buhun masara a ƙirji,
in ƙirga azarar ɗaki, in sake ƙirgawa.
Goma sha uku ce. Ba ta taɓa ƙaruwa ba.

Littafin Faransancin da na saya bara a Samaru
yana kan taga, ya sha feshin damina,
shafi na tara ya manne da na goma.
Nan na tsaya, a darasin tambayar hanya.
Wanda ya kasa amsa sallamar yayarsa,
ina shi ina tambayar hanya a ƙasar wasu?

Yaya Barmani ta ce sammu ne.
Kawu ya ce rashin godiya, ga lafiya ga albashi.
Likitar Shika ba ta yi saurin cewa komai ba,
ta bar ni na yi shiru har shirun ya gaji,
sannan ta rubuta ƙwaya, rabi da dare,
ta ce abu ɗaya a rana,
ko da fita ƙofar gida ne.

Ranar da na fita, tayar babur ta sace.
Na tura shi har Ƙofar Doka, gumi har cikin ido.
Mai facin bai ce sannu ba, ni ma ban ce ba.
Ya tsoma roba a ruwa, kumfa ta taso,
ya nuna mini hujin, ya buɗe yatsu uku.
Tanimu, haka aka rubuta da baƙin mai a jikin rumfar.
Kurma ne.

Da zan tafi ya dube ni,
ya dafa ƙirjinsa, ya sauke hannun a hankali
kamar mai sauke tulu cike,
sai ya nuna ni, ya ɗaga gira.
Ban san lokacin da na gyaɗa kai ba.

Washegari ban koma ba.
Sai Laraba, taya lafiyarta ƙalau.
Na zauna a kan tsohuwar tayar tirela,
ya koya mini ruwa, ya koya mini gobe,
kuɗi, yunwa, ƙarya,
da yadda ake cewa mutumin can ba ya biyan bashi.
Yatsuna sun yi tauri kamar ƙirare.
Na so in ce na gode, na ce akuya.
Ya yi dariya har ya faɗo daga benci,
dariyar da shi bai taɓa jin ƙararta ba,
ni kuwa na ji tawa, ta fito da tsatsa.

Yanzu ina da kalma arba'in da ɗaya.
Na zana su a bangon littafin Faransanci,
hannuwa karkatattu, kamar zanen ɗan aji ɗaya.

Kada in yi ƙarya, buhun yana dawowa.
Makon jiya kwana uku ban ɗaga labule ba.
Amma a daren na uku, cikin bargo,
na tarar da hannuna na dama yana motsi shi kaɗai,
yana cewa gobe, yana kuskure, yana sake faɗa.

Da safe Barmani ta kawo koko.
Ta tsaya a bakin ƙofa tana kallona
na sa bakin cokali tsakanin shafi na tara da na goma
ina ɓamɓarewa kaɗan-kaɗan don kada ya yage.
Ta ce, Jatau, sikari nawa?
Na ɗaga yatsu biyu.
Sannan na ce, biyu.